Launin Saniyar Juli

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, tun da ku kunka tsokano ni. Tun ɗazu nake zaune ina jinku, wai hoto abu ne mai sauƙi, "se fasil". Ka ɗaga waya, ka danna, ka shafa da yatsa, baƙin mutum ya koma fari tas, har uwar da ta haife shi ta wuce shi a hanya. To, sannunku da aiki. Ni Gado, ni na fara kawo hoton kala garin nan na Dogon Dutsi tun iyayenku suna yawo ba wando, kuma duk da haka akwai saniya guda da launinta ya gagare ni. Ta wani Bafillace ce, Juli, daga dajin Sukukutane. Ita kaɗai ta rage masa, kuma abu guda ya roƙe ni: in bar masa kamarta a takarda da launinta yadda Allah ya yi ta, don yaransa su san irin shanun gidansu. Amma bari ku fara sanin hannun da ya damƙa wa aikin, kada ku ce ɗan koyo ya samu.

Aikina na farko a wagga sana'a ɗibar ruwa ne. Ubangidana wani Bayarabe ne, Baba Lasisi, mai shago bakin tasha. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban taɓa akwatin hoto ba sai da tsumman goge ƙura. Ruwa nake ɗebowa in tace da ƙyalle, don ƙwayar yashi guda in ta hau kilishe, sai ta fito a goshin mutum kamar ƙari. Kilishe, ku da ba ku taɓa gani ba, ita ce 'yar ledar nan mai duhu da hoto ke fara zama a kanta kafin a haska ta bisa takarda. Ɗakin wanki kuwa wani ɗan kurkuku ne ba taga, jar fitila guda, tasoshin magani a jere, zufa na bin gadon bayanka har cikin wando. Baba Lasisi ba ya duba agogo, da baki yake ƙirga lokaci cikin Yarabanci. In na kuskura na yi tari lissafi ya ɓace masa, ranƙwashi ne a tsakar ka, kuma cikin duhun nan bai taɓa kuskuren wuri ba.

Wurinsa na koyi shafa launi da hannu bisa hoton baƙi da fari. 'Yan kwalabe ne na launi da wani buroshi siriri, kana riƙe numfashi kana ɗigawa. Mace ta zo ba ko ɗan kunne, ta ce a sa mata na zinariya, a sa mata. A nan na san mutanen garin nan ciki da bai. Kwat guda ce a shagon, rataye a ƙusa, ta shiga hoton rabin ma'aikatan ƙasarmu ta Arewa. Mushen lakkol mai koyar da yara ya sa ta, malamin asibiti ya sa ta, kowa ya ɗaura agogonmu da bai taɓa tafiya ba, ya dafa rediyon da ba batir, ya ɓata rai kamar shi ke riƙe da gwamnati. Wani saurayi da anka ba aiki Yamai ya ce in kankare masa tsagenmu na Arawa daga kunci, kada 'yan birni su raina shi. Satin nan ubansa ya maido nasa hoton yana faɗa, wai tsagensa bai fito sosai ba, mutane za su ce baƙo ne.

Da Baba Lasisi ya tsufa ya koma ƙasarsu, ya bar mini shagon da kwat ɗin. Wata tafiya da na yi Yamai na ga hoton kala manne a gilashin wani shago, na tsaya baki buɗe har wani mai keke ya kusa bi ta kaina. Na dawo na sayar da tumakina, na sayi 'yar aparai, akwatin hoto na ratayawa a wuya. Dangina sunka ce iska ta shafe ni.

Hoton kala na farko da na yi na matar wani Alhaji ne mai sayar da atamfa, ranar bikin ƙanwarta a Gesheme. Da hoton ya zo na manna shi a ƙofa, wallahi sai da hanyar tasha ta toshe. Wata tsohuwa ta sa farce tana kankara ta ga ko fenti zai fita. Wani ya ce aikin aljana doguwa ne, ba mutum ba. Wani malami ya yi mini wa'azi mai zafi a bainar jama'a, bayan kwana biyu ya biyo ta ƙofar baya da sabon koren rawani, yana tambaya ko koren zai fito.

Abin da ba ku sani ba, kala ba a wanke ta a nan. Filim guda hotuna da yawa yake ci, kuma ba ya tafiya sai ya cika, in ba haka ba asara ce. In ya cika ka naɗe shi, ka ba direba ya kai labo, gidan wankin kala a Yamai, ka zauna kana addu'a. Abin da ka ɗauka ba za ka gan shi ba sai ya dawo. Ko amarya ta rufe ido, ko ƙuda ya sauka a hancin ango, sai bayan an watse, an cinye shinkafa, wani lokacin ma har an yi saki. Ga zafi, babban maƙiyin filim. Ni cikin gwangwani nake sa nawa, in binne a jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin randa. Ku da kuke ɗaukar fuskarku sau ɗari kafin ku zaɓi wadda ta fi ƙarya, da yunwa ta kashe ku.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ba aure, ba suna mai taro, wanda bai ci ba me zai yi da hoto? Sai in wuni a ƙofar shago ina korar ƙuda daga kan aparai. Bisashe kuwa bakin hanya suke faɗuwa, ungulu har ta ƙoshi ta daina tashi in mota ta zo.

Ranar wata kasuwa, da hantsi, wani dogon Bafillace ya tsaya a ƙofata, sanda a kafaɗa, malafa ta ci duniya. Kun dai san tsakanin Ba'are irina da Bafillace, taubasai ne, ba a gaisawa sai da zagi. Ya dubi tsagen fuskata ya ce, "Salamu alaikum, Ba'are. An ce kai ne mai hoton da ke hito da jinin abu."

Na ce, "Af! Yau daji ya yi amai. Shigo, bawana, amma bar sandar waje kada ka fasa mini gilashi. Wane ne kai, kuma wa ya ce maka fuskar ga ta cancanci kala?"

Na jira ya rama, bai rama ba. Bafillacen da Ba'are ya kira bawa ya yi shiru, to akwai magana. Ya ce sunansa Juli, kuma ba shi zan ɗauka ba. Saniya ce, tana kasuwar bisashe, an riga an sallama ta, yau za a ɗora ta mota zuwa Najeriya.

"Uwar uwar uwatta anka ba kakana ran sunanshi," in ji shi. "Duk garken gidanmu daga gare ta ya hito. Sun ƙare, ita ɗai ta rage, ita ma in na riƙe ta ba ta kai damina. Yaran gida ƙanana ne, ba su tunawa. Ina son in sun girma sun tambayi irin shanunmu, in nuna musu."

Na faɗi kuɗin aiki, bai yi ciniki ba. Tun da nake ban taɓa ganin Bafillace ya biya abu ba ciniki ba sai ran nan.

Na tarar da ita ɗaure a turke. Doguwa, ƙahonni farare sun buɗe sun yi sama, haƙarƙari a waje kana iya ƙirgawa daga nesa. Amma fatar nan! Ja ce, sai dai ba jan barkono ba, ba jan ƙasa ba. Wajen wuya ta yi duhu har kusan baƙi, tana gangarowa ciki tana buɗewa kamar shayin dahuwar farko in ka ɗaga kofin a rana. Na dubi sama, rana tsaka, hasken da ke kashe launi ke nan. Na ce ba na ɗauka sai rana ta karkata. Wanda ya saye ta, wani ƙaton falke mai haƙorin makka, ya yi ta kumfar baki, wai motarsa za ta tsaya saboda hoton nama? Na ce masa in yana sauri ya goya ta. Munka zauna har la'asar.

Juli ya kwance rawaninsa, ya jiƙa da ruwan gorarsa, ya goge ta tun daga goshi har wutsiya yana mata magana da Fillanci. Na ce ya tsaya kusa da ita. Ya ce, "Wa ya ce maka ni abin kallo ne?" Ya ja baya iya tsawon igiya, hannunsa kawai ya shiga. Na ce bari in zagaya ta gaba, haƙarƙarin ya ɓoyu. Ya ce in bar shi, shi ma yaran su gani. Na durƙusa, na jira ta ɗago kai, na danna, na ƙara dannawa don tsaro. Ana tura ta cikin mota Juli ya juya baya yana tambayar wani mutum nawa ake sayar da gero yau.

To ga inda sana'a take. Filim sabo ne, saniya ce a farkonsa, kuma ba mai zuwa hoto. Juli ya sauke iyalinsa bayan gari, yana ga-ruwa da garwa biyu, mutumin da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi sanda nauyi ba. Kowace ranar kasuwa sai ya zo ya tsuguna a ƙofata, ba ya tambaya, ba ya tafiya. Shirun nan ya fi dukan Baba Lasisi ciwo. Da na gaji, na fita da aparai na ƙone sauran filim a banza. Na ɗauki dutsen garin nan, na ɗauki awakin maƙwabta, na ɗauki mai gyaran taya yana barci. Na naɗe, na ba wani direba, na ce masa amanar Allah, ya sa a inuwa. Daga baya yaron motarsa ya gaya mini inda ɗan banzan ya ajiye shi: gaban mota jikin gilashi, kusa da goronsa, rana na dukansa tun daga nan har Yamai.

Da hotunan sunka dawo na buɗe ambulan. Awaki kore, dutse kore, saniyar Juli ta koma launin miyar kukar da ta kwana. Na so in ɓoye, amma yana tsugune a ƙofa ya riga ya ga direba. Na miƙa masa. Ya goge hannu a riga, ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Wagga ta wa ce?"

Na ce, "Taka mana."

Ya ce, "Hannun nawa ne. Igiyar tawa ce. Saniyar ban san ta ba."

Haushi ya kama ni, na hau mota da kaina na tafi Yamai da kilishe a aljihun ƙirji. A labo na samu wani ɗan saurayi cikin farar riga, ɗaki mai sanyi kamar randa, yana taunar cingam. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, wuya kaza, ciki kaza. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mesiye, saniya ai saniya ce." Ya ce kilishen ta sha zafi, injinsu kuma da kansa yake cankar launi, in ya ga ja ya yi yawa sai ya rage. Na ce to ya ƙara da hannu. Ya murɗa wani abu, saniya ta fito kamar an tsoma ta a manja. Ya rage, ta koma hoda. Ya ƙara, ta zama tumatir. Abin takaici, da ya ce in nuna wadda ta yi daidai, ni ma sai na tsaya ina zare ido. Wuni guda na gan ta, kuma tun daga nan na ga shanun takarda da yawa. Na kwaso su duka na dawo.

Juli ya jera su bisa tabarma kamar mai sayen goro. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, ya ture kowace gefe. Sannan ya ɗago, karo na farko ya yi mini wasan da na daɗe ina jira.

"Ba'are, kai saniya ba ka san ta ba sai cikin tukunya."

Na yi dariya, amma wallahi zafi na ji. Ni da garin nan ke kira Gado Mai Kala, sunana a bakin mata har Tibiri! Na ce masa ya ba ni kwana kaɗan, injin Yamai ya kasa, hannu bai kasa ba. Na kakkaɓe ɗakin wanki, na haska kilishen kalar nan bisa takardar baƙi da fari. Aiki ne mai cin rai, kilishen kala ba ta son wagga takarda, sai ka daɗe kana haskawa, ka lalata da dama kafin ɗaya ta yi. Na samu biyu masu kyau. Ƙahonni fes, ido na sheƙi, haƙarƙari a jere, ga hannun Juli da igiya a gefe. Na ajiye ɗaya, na ɗora ɗaya a tebur, na fito da tsofaffin kwalabena.

Kowace safiya sai ya sauke garwarsa ya zo ya zauna kusa da ni bakin ƙofa inda haske ke da kyau. Ina haɗa launi a murfin kwano ina gwadawa bisa yankin takarda, yana ba da umarni kamar kumandan.

"Ƙara duhu. A'a, ka kai dare. Maido. Wanga na akuya ne."

Launin kwalba ya ƙare mini dabara, na shiga kicin. Na gwada ruwan lalle, na gwada ruwan goro, na dafa shayi mai kauri na haɗa da ja. Matata ta ce in dai saniyar ba ta fito ba, ko miya ma samu. Wani lokaci sai ya matso har numfashinsa na taɓa hannuna, ya ce, "Tsaya, tsaya, kusa ke nan." In na ɗiga a wuyan saniyar ya bushe, sai ya koma baya ya girgiza kai. Launi jiƙe daban, busasshe daban, ni na san haka, shi kuma bai ga dalilin da zai yarda ba.

Wata safiya na tsoma buroshi ke nan, ya kama wuyan hannuna. Bafillace ba ya taɓa mutum haka kawai.

"Bari, Gado."

Ran nan ya fara kiran sunana. Na ce saura kaɗan, jiya ai mun kusa.

Ya ce, "Jiya na kwanta na ruhe ido in gan ta, sai ta manja ta taho. Na kore ta, koriyar ta shigo. Na kore ta, sai wagga taka ta shayi. Da ƙyar tawa ta dawo, kuma ba ta daɗe ba. In ka ƙara kwana biyu kana nuna mini shanun banza, ɓace mini za ta yi."

Na ajiye buroshin. Ya nuna ɗaya hoton da na ajiye a kan kanta, baƙi da fari, wanda buroshi bai taɓa ba. Ya ce shi zan ba shi.

Na ce, "Haba Juli, wannan ai ko Baba Lasisi ya yi maka shi. Yaran fa? Ta ina za su san launinta?"

"In ina da rai ni hwaɗa musu. In na mutu, gara su ce ba su sani ba, da su ce kore ce."

Na sa masa a leda, ya cusa cikin riga jikin fata. Na ɗauka tafiya zai yi, sai ya tattara na kalar duka, da wanda na shafa, ya ce in kawo ashana. A nan tsakar titi, gaban shagona, ƙarƙashin allon da anka rubuta hoton kala da jan fenti, na kunna wa aikina wuta, mai gyaran taya da 'yan tasha suna kallo. Juli na juya su da bakin sanda har sunka zama toka. Sannan ya dube ni.

"An ce akwai uwa tasu, wadda ke haihuwar su."

Kilishe yake nufi. Ku sani, mai hoto ba ya rabuwa da kilishe. Ko sarki ka ɗauka, takarda tasa ce, kilishe taka, haka na gada. Na ce masa a bar ta, wata rana za a kawo injin da ya fi na Yamai, a sake gwadawa, kuma in hoton da ke rigarsa ya jiƙe ko ya ɓata, daga ita kaɗai za a samu wani.

Ya ce, "Na ji. In na bar ta, wata rana wani ya sa ta haihi kore, ba ni nan balle in ce ƙarya ne. Ɗauko ta."

Na shiga na ɗauko. Na riƙe ta a haske na ɗan lokaci, ga 'yar saniyar nan ƙarama da ƙahonninta, ɗauka biyun a jere, sannan na saka ta a garwashin. Ta nannaɗe, ta yi wari, ta ƙare. Juli ya dafa ƙirjinsa inda hoton yake, ya saɓa garwarsa, ya tafi ɗibar ruwan mutane.